Ƙwayar Masarar Malama Saratu

A firamarenmu kusa da Kafur, wata rana bayan tara Malama Saratu ta ce mu za mu zaɓi monita da kanmu. Ta raba mana ƙwayar masara ɗaya-ɗaya, ta ajiye gwangwani biyu, kowane ɗan takara da nasa. Ina cikin layi sai Iliya, ɗan kawuna, ya murɗe mini hannu ya ƙwace tawa, wai shi zai jefa mini.

Malama ta juye gwangwanayen, ta ce a sake. Ta danƙa mini wata ƙwayar, ta ce, "Wannan ko babanki ba shi da iko da ita."

Har yau ranar zaɓe ba na iya zama wuri ɗaya. Maigida yana gaya mini inda zan dangwala, ina cewa to, hannuna kuwa a dunƙule.