Tsohon Da Ya Ƙi Ɓacewa A Hoto

"Ki goge shi," in ji Oga, yana nuna allon kwamfuta. "Mutum-mutumi aka ce mu ɗauka, ba 'yan zaman kashe wando ba. Kika sake kawo mini irin wannan, ki nemi wani aikin."

Shi ya koya mini dabarar. In kafa kyamara a bakin dandali, in bar idonta a buɗe na minti biyu. Duk abin da ke motsi, mutum ko mota, sai ya ɓace, a bar ƙaton manomin tagulla shi kaɗai. Amma wani tsoho da ya jingina da gindin mutum-mutumin ya ƙi ɓacewa.

Na goge shi ranar Litinin. Na sake goge shi Talata. Ranar Laraba na daure na tsallaka titi.

"Baba, sannu da hutawa. Don Allah ɗan matsa mini kaɗan."

Ƙudaje ne suka tashi daga jikinsa.

Ma'aikacin motar asibitin da na kira ya duba shi, ya girgiza kai. "Bai daɗe da cikawa ba. Da ko jiya aka kira mu, da wataƙila ya tashi."

Na koma ofis na buɗe hotunan asali na Litinin da Talata. A duka biyun jikinsa ya fito tar, ban da hannun dama, wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi.

Duk dandalin ni kaɗai na tsaya ina fuskantarsa. Minti biyu cur yana yafito ni, ni kuwa ina kallon agogo.