Tsallen Ulfa a Filin Radis

Ulfa ta ɗaga doguwar sandarta, ta kwasa da gudu. Filin wasa na Radis da ke Tunisiya ya yi tsit. Ta kafa sandar a rami, sandar ta lanƙwashe, ta cilla ta sama. Ta haye karan da aka gitta, ko motsi bai yi ba. Lambar zinariya ta gasar Afirka ta zama tata.

"Ta haye! Wallahi ta haye!" in ji mahaifinta Si Munsif, har miya ta zube masa a riga.

Matar da ke ba shi abinci ta goge masa haɓa. "A hankali, Baba. Buɗe bakinka."

"Ke matsa in ga 'yata! Ko kwata kin taɓa tsallakewa a rayuwarki?"

"Ban taɓa ba," ta ce tana murmushi.

Ya zuba wa talabijin ido, fuskarsa ta sauya. "Tun da ta yi suna ta manta da ni. Ko leƙowa ba ta yi. Ke da ban haɗa komai da ke ba, ke ce kullum a nan. Idan kin gan ta, ki ce na yi fushi."

"Zan faɗa mata, Baba."

Tun shekarar da ciwon mantuwa ya kama shi Ulfa ta fasa zuwa gasar Olamfik, ta jingine sandunanta ta dawo gida.

Ulfa ta hura cokalin, ta kai bakinsa, sannan ta maido masa da tsohon faifan bidiyon gasar daga farko.