Kwalbatin Marmara

Ka ji wani manomin albasa da gonarsa ta yi iyaka da fako, marmara ce shimfiɗe ja wur, ko ƙaya ba ta fitowa. Ya so ya yi daɓen kankare inda zai riƙa shanya albasa, amma tsakuwar dutse sai tifa ta ɗauko daga nesa. Direba ya kafe a kan kuɗinsa, shi ma ya kafe, ciniki ya watse. Sai ya saɓi guduma ya nufi fakon nan. Ya farfasa marmara ya tankaɗe, ya wanke jar ƙasar da ke jikinta, ya bar ta ta kwana a ruwa, don ƙishirwa gare ta, in ba a shayar da ita ba ruwan siminti za ta shanye. Aka kwaɓa, aka zuba, daɓe ya kama. Damina ta zo ta wuce, ko tsaga babu. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo suna buga dunduniya a kai. Wannan ya kira shi ya yi masa bakin rijiya, wancan ƙasan rumbu, duk suka yi kyau. Tun yana cewa sa'a ce, har ya daina cewa.

To, tsakanin gonakin da titi akwai rafi, a ka ake haurar da buhuna zuwa inda mota ke tsayawa. Da manoma suka haɗu a kan su gina kwalbati mota ta riƙa shigowa har bakin gona, sai mutumin nan ya miƙe ya ce kada a sayi tsakuwa ko tifa guda, ga marmara nan Allah ya zuba. Birkilan da aka ɗauko ya ce, "Alhaji, abin da ya ɗauki ƙafa daban, abin da zai ɗauki taya daban." Mutumin ya tambaye shi daɓe nawa ya ga ya fashe. Birkila ya shiga auna siminti. Kwalbati ya tashi. Babur ya bi, amalanke ta bi, lafiya. Ranar kwasar kaya babbar mota ta shigo wayam, ita ma ta haye, aka ɗora mata albasar gari kaf. Da ta zo fita, tayar baya na hawa kankare ya rufta. Ba wanda ya ji ciwo, amma mota ta kwanta, buhuna suka zube cikin rafi, albasa kuwa ba ta shiri da ruwa. Kafin a samo mai janye motar, wari ya tashi. Mutumin ya tsinci gutsuren kankare yana jujjuyawa. Ai marmarar nan ya wanke ta, ya jiƙa ta kamar kullum, ba abin da ya rage cikin aikinsa. Marmara ba ta cuce shi ba, nauyin ne ba nata ba.

Shi ya sa masu magana suka ce, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.