Inda “Da Gangan” Take Zama

Manaja ya ajiye takardar a gaban mai kamfani, ya ja baya yana murmushi. Layi ɗaya ne da harshen Klingon, wanda aka ƙirƙira domin fim. Duk gidan ɗab'in nan mutum ɗaya ce ke ɓata lokacinta a kansa: mai gyaran rubutu, wadda ma'aikata ke kira Jan Biro.

“A durowarta na tsinta,” in ji Manaja. “Fassarar ita ce: Na lalata injin da gangan.”

Injin yankan takarda yake nufi. Wata biyu ke nan da ya cinye yatsu biyu na Dogo, ƙanen mijinta. Ta kai ƙara sau huɗu a kan a canza shi, Manaja ya shafa wa idonsa toka ya ce lafiyarsa ƙalau. Ranar Litinin injin ya yi tari ya mutu. Yau kora ce ke jiranta, wataƙila har da 'yan sanda.

Jan Biro tana tsaye a wurin, ko gezau ba ta yi ba. Haushi ma ta ji. Ta zaro bironta ta zagaye kalmar ƙarshe.

“Ranka ya daɗe, wannan ita ce chIch, wato da gangan. A Hausa tana iya zuwa ƙarshe. A Klingon farkon jimla take zama, ta riƙe duk abin da ya biyo baya. Shekarata tara a harshen nan. Ko a mafarki ba zan rubuta wannan shirmen ba.”

Ta buɗe littafinta na nahawu, ta ɗora yatsa a kan ƙa'idar. Mai kamfani ya karanta, ya sake karantawa.

“Wanda ya rubuta wannan da Hausa yake tunani,” ta ce. “Kalma-kalma ya tsinto a waya.”

Mai kamfani ya miƙa wa Manaja hannu, ya ce ya ba shi wayarsa. Kalmomin suna nan a wayar, tun binciken ranar Talata. Kafin a tashi aiki an sallame shi, an kuma yi odar sabon inji.

Dogo ya tare ta a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

“Yaya, da ke ce, ya za ki rubuta?”

“Ni ba na rubutawa,” ta ce, tana gyara jakarta. “Da na gama zuba yashi a injin, hannuna kawai na wanke.”