Takwaran Manzo

"Manzo zan sa wa yaron," in ji Falalu, ana gobe suna.

Kakarsa Ladi ta daina tsintar geron da ke kan faifanta.

"Sunan manya ne, Iya. Akwai Manzo na Tanut, ɗan kokawar da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Akwai Manzo da ya haƙa rijiyoyin Tarka. Ga kuma Alhaji Manzo da ya gina mana masallaci nan Belbeji, har rago ya aiko."

"Ka tsallake ɗaya," in ji tsohuwar. "Manzo ɓarawon shanu, wanda ya yanka kakanka a hanyar Gangara, shekarar babban fari."

"Wannan ai wani ne daban. Suna ne ya zo ɗaya."

"Haka kowa ke cewa. Ni ma na yi shiru don in rayu." Ta dubi ragon da ke ɗaure a turke. "Ina bayan ƙaya na ga fuskarsa. Manzo ɗaya ƙasar nan ta Damargu ta haifa, gari kawai yake sakewa. Gobe kuma shi za ka miƙa wa wuƙa ya yanka maka rago."