Muryata ta je kotu ba ni

A gidan suna na ji ana cewa tun da aka sabunta ayyukan Ofishin Taimaka wa Masu Gabatar da Ƙara, shaida ya daina taka kotu, muryarsa kawai ake kaiwa bayan an wanke ta. Ni da na tsufa ina koyar da tarihi, zancen gidan suna ba ya cin kaina. Da ma an kira ni kan gobarar shagon taya da ake zargin Sabitu mai walda, sai na ce bari in gani da idona.

Jami'ar, Barira, ta zaunar da ni gaban na'ura.

"Mama, wa kuka gani yana gudu?"

"Wani dogo. Tafiyarsa kamar ta Sabitu, amma hayaƙi ya yi yawa, ba zan rantse shi ne ba."

Ta danna. Sai ga muryata garau, ko tarina babu: "Wani dogo. Sabitu."

"Ke 'yar nan! Ina sauran maganata?"

"Sabon aikinmu ke nan, Mama. Muna cire kokwanto, yana ɓata wa alƙali lokaci."

"Kokwanton ai shi ne shaidar tawa! Mayar min da abina."

"Ba a ajiye abin da aka cire," ta ce, tana miƙo min ruwa.

Da yamma na bi muryata kotu, aka tare ni a ƙofa, wai ai na riga na yi magana. Daga waje na ji kaina a lasifika. An ɗaure Sabitu. Ni ban ga fuskar wanda ya gudu ba.