Sabon Ƙarfen Babur ɗin Rafi'u

Kwana uku Malam Karimu yana rarrafe zuwa masallaci, tun da ƙarfen dogarawarsa mai ƙafa huɗu ya ɓace. Ni ba na gulma, amma duk unguwarmu ta Zango a Kumasi 'yan haya muka zarga.

Jiya sai ga ɗansa Rafi'u daga wurin mai walda a Tafo, an liƙa wa babur ɗinsa ƙarfen kare inji, baƙin fenti sai sheƙi.

"Baba, sa albarka. Ko na faɗi a kasuwar Kejetia, inji lafiya lau."

Tsoho ya rarrafo, ya kama ƙarfen zai miƙe. Yatsunsa suka zauna daram cikin lotsawar da ya shekara shida yana riƙewa. Ya ɗago ya dubi ɗansa.

"Haba Baba, saki mana," in ji Rafi'u. "Fentin bai bushe ba."